Sinawa a Arewa: Baƙunci da Neman Wurin Zama

A Ƙauran Namoda na tashi, garin da layin dogo ya tuƙe a 1929. Jirgin da ya riƙa kwasar gyaɗa da audugar Shinkafi da Zurmi shi ne ya sauke mana Yarabawa da Ibo da Kwarori. Kakana yakan ce kowannensu ya sha harara kafin a saba da shi. Duk da wannan tarihi, mu jikokinsa "ɗan Caina" muke kiran duk kayan da muka raina. Sai da na shiga jami'a na gane cewa sunan mutane ne muka mayar zagi.

Sinawa ba jiya suka zo Arewa ba. A 1964 Cha Chi Ming, wani attajiri daga Hong Kong, ya kafa masaƙar UNTL a Kaduna, daga baya masaƙun Funtuwa da Gusau suka shiga rukunin kamfanoninsa. Dubban magidanta sun ci abinci a nan, audugarmu kuma ta sami kasuwa. Da masaƙu suka durƙushe, atamfar Sin mai araha ta cika Kantin Kwari, sai kallo ya sauya. A 2012 jami'an shige da fice suka kama Sinawa 'yan kasuwa a Kano. A 2019 gwamnatin tarayya ta haramta haƙar ma'adinai a Zamfara, ta umarci 'yan ƙasashen waje su bar wuraren haƙar. Koken 'yan kasuwa da na manoma suna da tushe, amma laifin kaɗan aka shafa wa kowa, har da wanda ya tsufa a cikinmu.

A wannan shekarar dai Sarkin Kano Muhammadu Sanusi II ya naɗa Mike Zhang Wakilin 'Yan Caina. Tsohuwar dabara ce: a ba baƙo rawani, ya sami bakin kai kuka, a kuma sami wanda za a tuhuma idan nasa sun yi ba daidai ba. Da ita Hausawa suka zauna a Sabo ta Ibadan da zangon Kumasi. Mun kuma san ɗacin rashin karɓuwa, domin korar baƙi da Gana ta yi a 1969 ta haɗa da namu. Wanda iyayensa suka ɗauko kaya a ka daga Kumasi ya kamata ya auna kalmarsa kafin ya jefi baƙo da ita.