Shari'ar da Majalisa ta kashe a Kumasi

Duk lokacin da aka tayar da zancen 'yancin kotu a Ghana, sai na ji lauyoyi sun fara da shari'ar Baffour Akoto ta 1961. Ni kuwa daga Zongon Kumasi nake farawa, domin a nan aka fara gwada wuƙar.

A 1957, watanni kaɗan bayan samun 'yancin kai, gwamnatin Nkrumah ta ba da umarnin korar Alhaji Amadu Baba, Sarkin Zongon Kumasi, da Alhaji Othman Larden, jiga-jigan jam'iyyar Musulmi ta MAP da ke adawa da CPP. Dokar korar baƙi kawai ta shafa. Mutanen biyu suka garzaya kotu suka ce su 'yan ƙasa ne. Tambaya ɗaya ce a gaban alƙali: baƙi ne ko 'yan gida? Ba a bari ya amsa ba. Majalisa ta yi doka ta musamman mai ɗauke da sunayensu, ta rufe shari'ar, aka tasa ƙeyarsu zuwa Nijeriya.

Abin da ya biyo baya sananne ne. A 1961 Kotun Ƙoli ta ce alkawarin kare haƙƙi da ke cikin tsarin mulkin 1960 ba abin da kotu za ta tilasta ba ne. A 1963 Nkrumah ya sauke Alƙalin Alƙalai Arku Korsah saboda ya sallami wasu daga cikin waɗanda ake tuhuma da harin Kulungugu.

Amma abin da ya fi damuna shi ne tambayar nan da aka bari ba amsa, don kuwa jikoki ne suka gaje ta. A 1969 umarnin Busia na korar baƙi ya watsa gidajen zongo da yawa, har da na waɗanda aka haifa a ƙasar. Tsarin mulkin 1992 ya ba Kotun Ƙoli ikon soke duk dokar da ta saɓa masa, kuma wannan ci gaba ne na gaske. Sai dai a 2020 wannan kotun ta ce takardar haihuwa ba hujjar zama ɗan ƙasa ba ce wajen rajistar zaɓe. Ga yaron Aboabo ko Asawase mai suna Garba, wanda kakansa a Kumasi aka haife shi, hukuncin ya rage masa takardar da zai ɗaga idan jami'i ya dubi sunansa ya ce, "Daga ina iyayenka suka zo?"