Amoniya a tankin jatan lande: yadda ake auna ruwa a gida

Ruwan tanki na iya zama garai-garai, amma yana ɗauke da gubar da za ta kashe jatan lande cikin 'yan kwanaki. Gubar ita ce amoniya, wadda ke fitowa daga kashin dabbobin da ragowar abinci da duk abin da ya mutu ya ruɓe a ciki. Ido ba ya ganinta, sai an auna.

A tankin da ya daɗe yana aiki, ƙwayoyin bakteriya da ke zaune a soson matatar ruwa da kan tsakuwa su ne ke cinye ta. Wasu, irin su Nitrosomonas, suna mayar da amoniya nitirit, wanda shi ma guba ne. Wasu kuma, irin su Nitrospira, su mayar da nitirit nitirat, mai sauƙin illa. Kafin su yawaita a sabon tanki, akan ɗauki mako 4 zuwa 6. Mafi yawan asarar sabbin masu kiwo daga nan take fitowa: a cika tanki yau, a zuba jatan lande gobe.

Ana awon ne da magani na ɗigawa, kamar na API ko JBL. A ɗebi ruwan tanki gwargwadon da takardar ta faɗa, a ɗiga maganin, a girgiza, a jira, sannan a kwatanta launin da na kati. A na API, mililita 5 ake ɗiba, a jira minti 5. Rawaya na nufin babu amoniya, kore kuwa akwai. 'Yan takardun tsomawa sun fi arha, sai dai yawancinsu ba sa auna amoniya kwata-kwata. Ga jan jatan lande da aka fi kiwo, Neocaridina davidi, ana son amoniya da nitirit su tsaya a sifili, nitirat kuma kada ya wuce miligiram 20 a lita.

Adadin da aka karanta ba shi kaɗai ne abin dubawa ba. Maganin yana haɗa nau'i biyu ne: NH3 mai guba da NH4+ mai sauƙi. A zafin digiri 25, idan pH na 7, mai gubar bai kai kashi 1 cikin 100 ba. A pH 8 ya zarce kashi 5. Zafi ma na ƙara shi. Don haka mai tanki a Yamai ko Zinder ya kamata ya yawaita awo a watannin Afrilu da Mayu, musamman bayan an daɗe ba wuta, domin idan matata ta tsaya bakteriyar na rasa iska.

Idan launi ya fara komawa kore, a daina ba da abinci kwana ɗaya ko biyu, a tsame duk wanda ya mutu, a canza kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan. A zuba sabon a hankali, zafinsa daidai da na tanki, don canjin gaggawa kan dagula musu saɓa. Ruwan famfo sai an kashe kulorin ɗinsa da maganin da aka tanada. Soson matata kuwa, a ruwan da aka kwaso daga tankin ake wanke shi, ba a bakin famfo ba. A sake awo washegari.