Daga Ƙwayar Masara Zuwa Jinin Ɗan Adam

Shekarun baya, ina koyarwa a Tasawa, wata ɗaliba ta kawo mini masarar da ta sayo a kasuwa, ƙwayoyinta da ɗigo-ɗigon ja. Ta ce, "Malam, me ya sa ƙwaya ɗaya take da launi biyu?" Na ce haka Allah ya halicce ta. Gaskiya na faɗa, amma ban nuna mata ta yaya ba.

Wannan tambayar ce Barbara McClintock ta bi a gonar gwajinta a Amurka. A 1950 ta bayyana cewa wasu guntayen ƙwayoyin gado suna barin mazauninsu su koma wani wuri. In guntu ya faɗa cikin ƙwayar gadon launi, sai launin ya ɗauke. In ya fita, ya dawo. Masana suka yi biris da ita, sai a 1983 aka ba ta kyautar Nobel.

Ashe ba masara kaɗai ba ce. Da aka karanta kundin gadon ɗan Adam a 2001, an tarar kusan rabinsa irin waɗannan guntaye ne. Ɗaya daga ciki, Alu, ya fara yaɗuwa kimanin shekara miliyan 65 da suka wuce. Dangin birai da mutane kaɗai ke da shi, har da jan birin da ke yi wa manoma ɓarna. Kowannenmu na ɗauke da kwafinsa sama da miliyan ɗaya.

Yawancinsu sun daina motsi, amma ba duka ba. A 1988 Haig Kazazian ya gano marasa lafiya biyu da jininsu ba ya daskarewa, saboda wani guntu mai suna L1 ya faɗa cikin ƙwayar gadon da ke tsayar da jini. Iyayensu ba su da wannan canjin.

Nan abin ya shafe mu. In aka yi wa yaro kaciya a ƙauyen Mayahi jini ya ƙi tsayawa, akan zargi wanzami, ko mayu, ko dangin uwa. Alhali kusan kashi ɗaya cikin uku na masu wannan cuta ba a taɓa ganinta a zuri'arsu ba. A garzaya da yaron asibiti, a bar neman mai laifi.

Ɗalibar nan kuwa, har gobe tana bi na bashin amsa.