Minna zuwa Abuja ta Sama: Nisan Hanya da Lokacin Matafiyi

Filin jirgin saman Minna yana Maikunkele ne, kimanin kilomita 10 arewa maso yamma da gari. A watan Maris na 2024 gwamnatin Mohammed Umar Bago ta sa masa sunan Bola Ahmed Tinubu, a 2025 kuma kamfanin Overland ya fara jigilar fasinja daga nan zuwa Abuja da Legas. Mutane kan haɗa hanyoyin biyu su yi musu hukunci ɗaya, alhali lissafin nisa da lokaci ya raba su nesa.

Daga Maikunkele zuwa filin Nnamdi Azikiwe na Abuja, a miƙe, tazarar ba ta wuce kilomita 115 ba. Jirgi mai farfela irin ATR yana gudun kusan kilomita 500 a awa, don haka a lissafin takarda minti 15 sun ishe shi. Amma sai ya yi gudu a ƙasa ya tashi, ya hau sama sannu a hankali, kuma kafin ya daidaita ya fara gangarowa, ga jiran izinin sauka a Abuja inda jirage ke cunkoso. Tafiyar takan kusanci rabin awa. Tashi da hawa su ne suka fi shan mai, kuɗin sauka kuma bai san gajeriyar hanya ba, shi ya sa kowace kilomita ta wannan tafiya take da tsada.

Babban ɓata lokacin yana ƙasa. Wanda ya fito daga unguwar Tunga ko Bosso a Minna zai isa fili da wuri saboda bincike da awon kaya, ya jira jakarsa bayan sauka, sannan ya yi kusan kilomita 40 ta Lugbe kafin ya shiga tsakiyar Abuja. In an tara, ana maganar awa uku. Mota kuwa, ta Paiko da Lambata da Suleja da Zuba, kimanin kilomita 150 ce. Da hanyar na da lafiya, awa biyu da 'yan mintuna ne. Ramuka da jerin tankoki da tireloli, da aikin tagwaita hanyar Suleja da aka daɗe ana jan ƙafa a kansa, su suka ba jirgi daraja a nan. Sai dai lokacin hunturu hazo kan jinkirta tashi.

Legas daban ce. Ta sama kusan kilomita 490 ce, awa ɗaya da ɗan abu. Ta ƙasa sai an bi Bida, Mokwa, Jebba, Ilorin da Ibadan, yini guda cur. A nan awa biyun jira da bincike ba komai ba ne, kuma a ganina wannan hanya da jigilar alhazai su ne ainihin amfanin filin.

Abin da ya faru a 2017 ya isa hujja kan tasirin hanyar mota ga filin. Da aka rufe filin Abuja na mako shida don gyaran titin saukar jirage, Kaduna aka karkata jiragen, duk da cewa Minna ta fi kusa, domin tsakanin Kaduna da Abuja akwai tagwayen hanya da jirgin ƙasan da ya fara aiki a 2016. Muddin hanyar Suleja na yadda take, kusancin Minna da Abuja ba zai jawo wa Maikunkele jiragen da suka kamace ta ba.