Ɗumama Gidaje da Ruwan Zafi a Ƙasar Ingila: Tarihin Ɓarna da Gyara

Duk wanda ya taɓa yin hunturu a ƙasar Ingila ya san ƙarfen nan mai faɗi da ake kafawa jikin bango a ƙarƙashin taga, wanda ke yin zafi ba tare da an ga wuta ko hayaƙi ba. Wutar tana can wuri guda, a madafa ko a wani lungu, tana dafa ruwa cikin rufaffiyar tukunyar ƙarfe. Ruwan ya bi bututu ya zaga ɗakuna, ya saki zafinsa, sa'an nan ya komo a sake dafa shi, kuma wannan wuta ita ce ke ba da ruwan wanka. A cikin wannan takarda za a riƙa kiran madafar ruwan da sunan tukunya kurum, ƙarfen bango kuwa lagireto, domin aikinsa ɗaya ne da na lagireton mota, sai dai a mota zafin ake so a rabu da shi, a ɗaki kuwa shi ake nema.

Masu ba da tarihin wannan dabara sun fi son jera sunayen waɗanda suka ƙago ta da shekarunsu, kamar jerin sarakunan gari. Wannan ba laifi ba ne, amma yana rufe wani al'amari, watau kusan kowane ɗan ƙarfe da ke jikin na'urar nan ɓarna ce ta haife shi. Sai an yi gobara, ko tukunya ta fashe, ko an wayi gari an tarar da mutum ya cika a ɗakin wanka, sa'an nan a ƙara wani abu.

Rumawa ne suka fara kai ɗumama ɗaki daga murhu guda tsibirin Birtaniya. Sukan ɗora daɓen ɗaki bisa gajerun ginshiƙai na gasasshen tubali, su hura wuta daga waje, zafi da hayaƙi su ratsa ƙarƙashin daɓe su hau ta cikin tubala masu rami da ke jikin bango. Har yanzu ana ganin kufan wannan gini a garin Bath da kuma a Chedworth. Wani masanin gini na Rum mai suna Vitruvius, wanda ya rayu a ƙarni na ɗaya kafin haihuwar Annabi Isa, ya bayyana yadda magini zai gwada aikinsa. Ya ce a gangarar da ƙasan ramin zuwa bakin murhu, har in aka jefa ƙwallo ciki ba za ta tsaya ba sai ta gangaro bakin wuta, domin ta haka ne harshen wuta zai bazu sosai. Amma dabarar tana cin itace mai yawa, tana kuma bukatar bayi masu iza wuta da kwashe toka da kunkunniya. Da mulkin Rumawa ya kau daga tsibirin wajen shekarar 410, masu kula suka watse, dabarar ta mutu. Mutanen ƙasar suka koma wa murhu a cikin ɗaki fiye da shekara dubu.

Ruwan zafi a bututu bai fara da ɗumama mutane ba. A shekarar 1777 wani Bafaranshe mai suna Bonnemain ya yi amfani da shi wajen ƙyanƙyasar ƙwan kaji a Faris, daga baya masu lambu na Ingila suka ɗauka domin raya tsire-tsiren ƙasashen zafi a ɗakunan gilashi. Asirin kuwa ɗaya ne, ruwan zafi bai kai na sanyi nauyi ba, saboda haka yakan hau sama da kansa, na sanyi ya sauko ya maye gurbinsa, ba da wani inji ba. Wannan turi mai rauni ne ƙwarai. Tilas bututun ya zama mai faɗi, inci 3 ko 4, kuma ya riƙa hawa a hankali ba tare da ya yi doro a ko'ina ba. In ya yi doro, iskar da ruwa ke saki sa'ad da ya ɗumama sai ta taru a nan ta tsaya, ruwa ya kasa wucewa, wuta tana ci amma ɗaki da sanyi. Daga wannan ne aka sami ɗan ƙusan da ke kafaɗar kowane lagireto, wanda mai gida ke murɗawa da ƙaramin makulli har iska ta gama fita, ruwa ya ɗigo, ya rufe.

Matsala ta biyu ta fi wannan haɗari. Ruwa yana kumbura da wajen kashi 4 cikin 100 tsakanin sanyinsa da tafasarsa, kuma ba ya matsuwa kamar iska. In ba a ba shi wurin tafiya ba, zai nema wa kansa. Maƙeran farko suka bar masa buɗaɗɗen tanki a can sama. Amma a 1831 wani Ba'amurke mazaunin Landan, Angier March Perkins, ya karɓi takardar mallakar wata dabara dabam. Ya rufe ruwan ruf cikin siririn bututun ƙarfe mai kauri, wanda faɗinsa bai wuce inci guda ba, ya bar wani guntun bututu babu ruwa a sama domin kumburi. Ruwan da aka tsare haka ba ya tafasa a digiri 100, yakan wuce digiri 150. A 1832 aka sa wa John Horsley Palmer, Gwamnan Bankin Ingila, irin wannan domin ya yi noman inabi, aka kuma sa a gidan mashahurin maginin nan Sir John Soane. Dabarar ta yi kyau ga ido, gama siririn bututu yana ɓuya jikin gini. Sai dai inda ya goga da katako yakan babbaka shi a hankali, kamfanonin inshorar gobara kuwa ba su daɗe ba suka fara guna-guni. Gidajen Ingila suka tsaya ga buɗaɗɗen tanki.

Akwai wani dalili kuma da ya sa tankin nan ya kafu. A yawancin ƙarni na 19 kamfanonin ruwa na Landan ba su sakin ruwa dare da rana, sai na ɗan lokaci a yini, saboda haka kowane gida mai hali ya ajiye tankinsa a ƙarƙashin rufi. Da aka soma liƙa ƙaramar tukunya a bayan murhun girki domin ruwan wanka, daga wannan tanki take sha, ta wani bututu kuma take numfashi. To, ƙarƙashin rufi shi ne wuri mafi sanyi a gida. In dare ya yi tsanani, bututun shiga da na numfashi duka su daskare, buɗaɗɗiyar tukunya ta zama rufaffiya ba wanda ya sani. Da asuba a hura wuta. Ruwa in ya zama tururi yana neman wuri sau 1,600 bisa ga na da, tukunya ta tashi da murhu da wanda ke tsugune gabansa. Mai tsugunon nan kuwa galibi yarinyar gida ce ko kuku. Majalisar Ingila ta yi doka a 1882 cewa a riƙa bincika fashewar tukwanen tururi, amma ta tsame tukwanen gida daga ciki. Abin da ya rage wa masu aikin madafa shi ne bawul mai buɗewa da kansa in matsi ya yi yawa, ga gidan da ya yarda ya saya, da kuma gargaɗin da ake ba su, wai ranar da aka yi ƙanƙara, in an buɗe famfon ruwan zafi bai kawo ba, kada a hura wuta, in kuwa an riga an hura a kashe. Tsoron rufaffiyar tukunya ya daɗe a ƙasar, har sai tsakiyar shekarun 1980 aka halatta tankin ruwan wanka marar bututun numfashi a gidaje, da sharaɗin a sa masa matakan tsaro fiye da ɗaya.

A 1868 wani mai fenti a Landan, Benjamin Waddy Maughan, ya ƙera abin dafa ruwan wanka nan take da gas, ya sa masa sunan wani maɓuɓɓugin ruwan zafi na ƙasar Aisland. Bai yi masa bututun hayaƙi ba. A ɗan ƙaramin ɗakin wanka mai rufaffiyar ƙofa, wutar takan cinye iska mai kyau ta koma fitar da gubar nan da ake kira kabon monoksaid, wadda ba ta da launi, ba ta da wari, sai dai mutum ya ji ciwon kai da jiri da barci. Bututun hayaƙi da ƙofar shan iska da ake tilasta wa kowace tukunya daga irin wannan asara suka samo asali. Haka kuma duban launin wuta, shuɗiya tana ci daidai, rawaya mai lilo da baƙin tabo a jikin tukunya alamar haɗari ce.

Duk da haka, har bayan Yaƙin Duniya na Biyu talakan Ingila da murhun kwal yake jin ɗumi, ɗaki guda da wuta, sauran da sanyi. A watan Disamba na 1952 hazo ya haɗu da hayaƙin kwal ya rufe Landan kwana biyar, lissafin farko ya nuna mutum wajen 4,000 sun mutu, na baya ya ninka haka. Aka yi dokar tsabtace iska a 1956. A cikin waɗannan shekaru ne aka daidaita dabarar siririn bututun jan ƙarfe mai rabin inci, tare da ɗan injin lantarki mai tura ruwa, wadda ta sa ana iya ɗumama tsohon gida ba sai an fasa bango ba. Rahoton Parker Morris na 1961 ya ba da shawarar ɗakin zama ya kai digiri 18, madafa da zaure digiri 13. A 1970 gida 3 ne cikin 10 ke da irin wannan ɗumi, kafin farkon shekarun 2000 sun wuce 9 cikin 10.

Sabuwar dabara ta zo da nata cututtuka, waɗanda ba su kisa amma suna cin aljihu. Bututu na jan ƙarfe ne, lagireto na siririn baƙin ƙarfe, ga ruwa, ga iska. Tsatsa ta riƙa cin lagireto daga ciki tana zubar da baƙar laka mai kama maganaɗisu. Ita ce ke kwanta a gindi, shi ya sa masu gyara ke karanta lagireto da tafin hannu, in sama da sanyi ƙasa da zafi iska ce, in ƙasa da sanyi sama da zafi laka ce. Lagireton da kullum sai an fitar masa da iska, ba lalle iskar waje ce ke shiga ba, sau da yawa tsatsar ce ke haifar da ita. Maganin da aka samo shi ne wanke bututu, da zuba ruwan magani mai hana tsatsa, daga baya kuma aka ƙara matacin maganaɗisu. Kudu maso gabashin Ingila kuwa ƙasar alli ce, ruwanta yana barin ɓawo a cikin tukunya kamar yadda yake yi a butar shayi. Ɓawon yana hana zafi ratsawa, ruwan da ke ƙarƙashinsa ya tafasa, tukunya ta riƙa gurnani. Mutanen Manchesta, waɗanda ke shan ruwan tafkin Thirlmere tun 1894, ba su cika sanin wannan ba.

Abin lura a nan shi ne digiri 60. Ɓawon alli yana ƙaruwa sosai in ruwa ya wuce nan, saboda haka mai tattali zai so ya rage wuta. Amma bayan annobar da ta kama tsofaffin sojojin da suka yi taro a wani otal a Filadelfiya ta Amurka a 1976, aka gano wata ƙwayar cutar huhu da ke yaɗuwa a ruwa mai ɗumi, tsakanin digiri 20 da 45. Tun daga nan aka tsayar da cewa a ajiye ruwan tanki a digiri 60, ko da yake yana ƙona fatar yaro, sai a surka shi da bawul kafin ya iso famfo.

Batun wanda ya cancanta ya taɓa tukunya ma ɓarna ce ta yanke shi. Ran 16 ga watan Mayu 1968 gas ya fashe a hawa na 18 na wani dogon bene mai suna Ronan Point a gabashin Landan, kusurwa guda ta ginin ta rufta, mutum huɗu suka mutu nan take. Bincike ya nuna noti ɗaya ne marar ƙarko a haɗin murhun girki. A lokacin ana tsakiyar sauya gas ɗin kwal da na Tekun Arewa, aikin da aka yi daga 1967 zuwa 1977, aka shiga gidaje fiye da miliyan 13 aka gyara na'urori wajen miliyan 40. A 1970 aka kafa rajistar masu aikin gas mai suna CORGI, shigarta ta zama tilas a 1991, a 2009 kuma Gas Safe ta gaje ta. Dokar 1998 ta ɗora wa mai ba da hayar gida a duba masa kayan gas kowace shekara. Aikin da ya taso daga hannun bawa ya bi ta hannun yarinyar gida ya rabu biyu ke nan. Mai gida yana da ikon fitar da iska, da duba allurar matsi ta tsaya tsakanin 1 da 1.5 in tukunya da sanyi, da ƙara ruwa in ta sauka. Murfin tukunya kuwa sai mai rajista.

Rufaffiyar dabarar Perkins ta komo daga baya, amma da ruwan da bai kai tafasa ba, da wata 'yar randar ƙarfe mai tantanin roba da ke karɓar kumburi, da bawul mai buɗewa in allura ta kai 3. Tankin rufi ya fara ɓacewa, aka ɗauka an rabu da ƙanƙara. A watan Afrilu na 2005 aka wajabta a Ingila da Wales irin tukunyar da ke tatsar zafi daga hayaƙinta har ya koma ruwa, domin rage cin gas. Wannan ruwa sai an zubar da shi, masu haɗawa da yawa kuwa suka fitar da shi waje ta siririn bututun roba. A Disamba na 2010 aka yi sanyin da aka yi shekara ɗari ba a ga irinsa a wannan wata ba, bututun ya daskare, tukwane masu yawan gaske suka kashe kansu a daren da aka fi bukatarsu. Babu wadda ta fashe saboda wannan, gama yanzu tukunya tana gane toshewa ta tsaya. Masu gida suka fita cikin ƙanƙara da butar ruwa mai ɗumi suna zuba wa bututu, daga baya aka ba masu haɗawa umurni su riƙa zubar da ruwan ta cikin gida, in kuwa tilas ne a fita waje, a faɗaɗa bututun a naɗe shi.