Jirgin Sama Mai Batir: Inda Gizo Ke Saƙar

Yau tarihin jirgin sama mai tashi da batir nake so mu taɓa, domin na lura duk sanda zancen ya taso, batir kaɗai ake ɗora wa laifi.

Abin ya daɗe. Tun 1883 wasu 'yan uwa biyu a Faransa, Gaston da Albert Tissandier, suka ɗaura wa balan-balan injin lantarki. Jirgi mai fukafukai kuwa sai a 1973 ya ɗaga da mutum a Ostiriya, ya yi 'yan mintoci ya sauka. Batir yana da nasa laifin kam: kilo guda na man jirgi ya ninka kilo guda na batirin lithium ƙarfi sau arba'in ko fiye.

Amma ni a ganina inda gizo ke saƙar shi ne inbata, wato ɗan'uwan akwatin nan da masu shaguna ke ajiyewa saboda ɗauke wuta. Aikinsa ya juya wutar batir ta koma irin wadda injin ke sha. Na shago zai iya yin nauyi yadda ya ga dama, na jirgi kuwa kowane kilo lissafi ne. In ka ƙara ƙarfin bolt don wayoyi su sirance, sai wata matsala ta ɓullo. Tun 1889 Bajamushe Friedrich Paschen ya nuna cewa in iska ta yi ƙaranci, wuta ta fi saurin tsallakawa tsakanin waya da waya. To ai can sama iskar ba ta da kauri! Ga kuma zafi: inbata mai kilowat 500, ko kashi 2 cikin ɗari ya zubar, kilowat 10 ke nan, zafin dutsen guga goma a cikin ɗan akwati.

Hukumar NASA ta Amurka ta ɗanɗana wannan da jirginta X-57 da ta sanar a 2016. An tsara masa injuna 14. Inbatocinsa na silikon kabaid suka riƙa lalacewa wurin gwaji, sai da aka sake musu fasali. Daga baya injunan ma suka nuna matsala, aka rufe aikin a 2023, jirgin bai taɓa barin ƙasa ba.

Wanda ya fara samun lasisin hukumar jiragen Turai, a 2020, shi ne Velis Electro na ƙasar Sulobeniya. Kujera biyu gare shi, kuma kimanin minti 50 yake yi a sama.