Yadda Aka Gano Mazaunin BCL2, Ƙwayar Gadon da Ke Hana Tantani Mutuwa

Kullum jikin mutum cikin zubar da tantaninsa yake. Wanda ya tsufa ko ya lalace yakan kashe kansa cikin tsari, maƙwabta su share gawar. A 1972 John Kerr da Andrew Wyllie da Alastair Currie suka raɗa wa wannan mutuwa suna afoftosis a Jami'ar Aberdeen, daga kalmar Girkanci mai nufin kakkaɓewar ganye daga bishiya. Suna ya samu, amma ba a san ƙwayoyin gadon da ke riƙe da linzamin ba.

Bakin zaren ya fito ne daga masu fama da wata kansar kaluluwa. A ƙarshen shekarun 1970, Janet Rowley da abokan aikinta a Shikago suka lura cewa a tantanin irin waɗannan majinyata, kuromosom na 14 da na 18 sukan karye su yi musayar gutsure. Tunda karayar kusan wuri ɗaya take faruwa, lalle akwai abin da ke zaune a wurin. A 1984 Yoshihide Tsujimoto da Carlo Croce, a Cibiyar Wistar ta Filadelfiya, suka bi sawun karayar har suka kai ga ƙwayar gado a dogon hannun kuromosom na 18, a gurbin 18q21, aka kira ta BCL2. Musayar takan kai ta kusa da ƙwayar gadon da ke ƙera makaman garkuwar jiki, wadda ba ta hutu, sai ita ma ta shiga aiki ba dare ba rana.

An san gidanta, ba a san sana'arta ba. Zaton masana shi ne tana ingiza tantani ya yi ta hayayyafa, kamar sauran ƙwayoyin gadon kansa da aka sani. A 1988 David Vaux da Suzanne Cory da Jerry Adams, a Melbon ta Ostireliya, suka nuna ba haka ba ne: hana shi mutuwa take yi. A ganina nan ne labarin ya fi ban mamaki, domin ashe kansa kan taso daga tantanin da ajalinsa ya yi amma ya ƙi tafiya.

A 1992 Vaux ya sanya BCL2 ta mutum cikin wata ƙaramar tsutsa, ta kuwa hana tantanin tsutsar mutuwa. Magani ya daɗe kafin ya zo. Sai a 2016 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da venetoclax, wanda ke toshe furotin ɗin BCL2, don jinyar wani nau'in kansar jini.